Wata Bakwai Yana Shirin Zuwa Parakou

Yayana Labbo mai zaɓen goro ne a Djougou. Duk wanda ya taɓa sayen goro a rumfar gidanmu ya san shi, ko da bai san sunansa ba: dogon mutum siriri, zaune kan buhu can ciki, ya miƙe ƙafa ɗaya, huhun goro a buɗe a gabansa, ba ya ɗago kai ko gobara ake yi a kasuwa. Bana shekararsa arba'in da huɗu. Ni ce Khalida, ni ke bi masa, shekara uku ne tsakaninmu, kuma ni ce mai bakin gidan. Innarmu takan ce ranar da aka raba surutu Labbo bai je ba, ni na karɓo rabonsa na haɗa da nawa.

Goro gado ne a gidanmu. Kakanninmu da jakuna suka biyo hanyar Gwanja, suka yada zango a Djougou, zangon ya zama gida. Yanzu mota ke kawo goron, amma aikin hannu bai canja ba. Duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance huhu an fito da goron ɗaya bayan ɗaya, a cire mai sankara kafin ya ɓata sauran, a ware manya daga ƙanana, a canja ganyen da ya bushe, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Labbo yana shekara tara ya fara wannan aiki a gefen Baba, Alhaji Mahamadu. Kafin ya kai sha biyar ya fi Baba ido. Yana ɗaukar goro ya juya shi sau ɗaya a yatsa, ya san ko akwai tsutsa a ciki, alhali kai da ka duba ba ka ga komai ba. Har yau masu kai goro kasuwar Partago sukan biyo da huhunsu su roƙe shi ya duba musu.

Amma ka ajiye wa wannan mutumin riga biyu ka ce ya sa wadda yake so, to ka ɓata masa safiya. Zai tsaya a kansu, hannu a rataye, har shayinsa ya huce. Ina yarinya na sha tsokanarsa. Ina ce masa, mutumin da ke yanke wa goro dubu hukunci a yini, riga ta kayar da shi? Sau ɗaya ya taɓa ba ni amsa, bai ma kalle ni ba.

“Goro yana da doka,” in ji shi. “Riga ba ta da ita.”

Ba dolo ba ne, kuma duk wanda ya ce dolo ne sai mun yi da shi. A lakwal, wato makarantar boko, shi ne na ɗaya a lissafi. Ya haddace izu ashirin, yana karanta jaridar Faransanci yana gyara musu kuskure. Abin da ya gagare shi shi ne fara abu, da sanin wanne ke gaba wanne ke baya, da zaɓi idan ba wanda ya shata masa iyaka. Ka ce masa ya shirya ya tafi kasuwa, sai ka dawo ka same shi riƙe da takalmi ɗaya. Baba ya yi duka har ya gaji, ya ce taurin kai ne. Aka koma rubutun sha da hayaƙi, aka ce iska ce. Labbo ya sha rubutun da zai cika randa, bai canja ba.

Inna ce ta gano bakin zaren, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Ta daina ce masa ya shirya. Sai ta ce, “Labbo, tashi.” In ya tashi ta ce, “Buta.” In ya yi alwala, rigar ranar tana rataye a ƙusa, ita kaɗai, babu ta biyu. Ba ta taɓa haɗa masa abu biyu a magana ɗaya ba, kuma ba ta taɓa tambayarsa wannan ko wancan ba. Da ya girma ya yi gemu sai ta mayar da abin a ɓoye. Za ta wuce ta bayansa da tsintsiya kamar mai shara, ta ce ƙasa-ƙasa, “Hula,” ta ci gaba da shararta. In baƙo ya tambaye shi wani abu ya yi shiru, sai ta ɗago murya daga madafa ta ce, “Ai jiya Labbo ke cewa a bari sai Laraba.” Shi kuma ya ce, “Laraba.” Da haka garin ya ɗauke shi kamilin mutum mai auna magana. Baba ya rasu, rumfa ta ci gaba, ba wanda ya san Inna ce ke tafiyar da Labbo daga bayan labule.

Zan faɗi nawa laifin tun yanzu. Na yi kishin Yaya. Ni na tashi ina wa kaina komai, ba wanda ya taɓa rataye mini riga a ƙusa. Da aka yi mini aure a Zongon Parakou, gidan Zakari mai sayar da tayoyin mota, har cikin raina na ji na huta da kallon wannan hidima.

Duk da haka ni na samo masa mata. Rabi'a maƙwabciyarmu ce a Zongo, tela ce, shekararta ashirin da bakwai, marainiya a hannun baffanta Alhaji Tahirou. Mace ce mai fara'a da ba ta son ƙarya, ta kori maneman da ba su ƙirguwa saboda daɗin bakinsu. Na ce mata ina da wa wanda bai iya daɗin baki ba ko kaɗan. Ta yi dariya ta ce a kawo mata shi ta gani. Kafin a kai kayan tambaya na ce wa Inna ko za mu gaya wa Rabi'a halinsa. Inna ta zare mini ido.

“Wane hali? Yana sata ne ko yana shaye-shaye? Ke dai bakinki ba ya rufuwa. Allah Ya rufa mana asiri shekara talatin da shida, ke za ki tona da rana tsaka?”

Haka aka kai kayan tambaya ban gaya wa Rabi'a komai ba.

Auren ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Labbo bai taɓa ce mata yana sonta ba, amma duk Juma'a bayan masallaci sai ya kwance kekenta na ɗinki ya goge ya sa masa mai. Ya jera mata zare launi-launi a cikin akwati, ya ware maɓallai a gwangwanaye. Ya lura ba ta son ƙarar ƙofar ɗakinsu, ya cire ƙofar ya gyara ba tare da ta ce komai ba. Rabi'a ta kira ni a waya tana ƙyalƙyala dariya, ta ce, “Yaya Khalida, wannan wa naki ba ya magana, amma komai yana ji.” Ta ga yana da tsari, ta ɗauka nasa ne. Ba ta kula da tsohuwar da ke wucewa da tsintsiya ba, ko kuwa ta ɗauka shagwaɓar uwa da ɗan fari ce.

Cikinta na wata bakwai aka mayar da ita gida Parakou don haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Ta haifi mace. Ranar suna Inna ta zo da Labbo da rago da huhun goron da ya kwana uku yana zaɓa, aka sa wa yarinya Nana Khadija, sunan Inna, muna kiranta Ummi. A gaban mutane bai ko kalli inda jaririyar take ba, aka yi ta yabon kunyarsa. Amma da rana, da mata suka fita cin abinci, na leƙa ɗakin na same shi durƙushe a bakin gado, ya sa ɗan yatsansa a tafin yarinyar, ta riƙe gam. Bai motsa ba har na tafi na dawo.

Kwana goma sha biyu bayan suna, can gida Djougou, Inna ta idar da alwalar azahar, ta miƙe, ta faɗi. Kafin a samo mota ta cika. Ba ta bar wasiyya ba, ba ta ce wa kowa ga yadda ake yi da Labbo ba, don a ganinta babu abin faɗa.

A zaman makoki ba wanda ya lura da komai. Jana'iza tana da tsarinta, mazan unguwa sun san shi, suka yi ta jan Labbo daga wannan zuwa wancan. Bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. Gidan ya rage daga shi sai Gwaggo Tasalla, ƙanwar Baba, wadda ta dawo gida zama tun rasuwar mijinta. Gwaggo mutuniyar da ce, ta san girman namiji. Babban wa magajin uba, in ji ta, yanzu Labbo ne mai gida. Tun daga ranar komai sai ta kawo gabansa. A dafa doya ko shinkafa? A gyara rufin zaure yanzu ko bayan damina? Ta rusuna ta ce, “Yadda ka ce, mai gida.” Girmama shi take yi, baiwar Allah, ba ta san abin da take ɗora masa ba.

Ranar da zan koma Parakou na tsaya a bakin rumfa na ce, “Yaya, Rabi'a ta yi arba'in fa, ta gama wanka. Sai ka shirya ka je ka ɗauko iyalinka.”

Ya ce, “To.”

Na san wannan ba maganar da ake yi wa Labbo ba ce. Na sani sarai. Amma na ce a raina, mutum mai shekara talatin da takwas, uban 'ya, ni ƙanwarsa zan tsaya ina ce masa sa takalmi? Ga shi ni ma uwa na rasa, ba wanda ya tambaye ni yaya nake.

A wurinmu ɗauko mai jego ba a yinsa da ka. Miji ne zai sa rana, ya nemi dattijo ko dattijuwa daga danginsa su raka shi, ya haɗa atamfa da sabulu da kayan jariri da goro, a je a yi wa surukai godiyar ɗawainiya. Su kuma surukai ko kusa ba za su kira su ce a zo a ɗauka ba, don hakan zubar da darajar 'yarsu ne, kamar sun gaji da ita. Ita ma matar ba za ta buɗe baki ta ce a zo ba. Kowa yana zaune yana jiran mijin ya motsa.

Wata biyu suka wuce, aka ce makoki ne, a yi masa uzuri. Wata uku. Rabi'a takan kira shi, ta sa masa kukan Ummi a waya. Ta ce, “Malam, ba ka kewarmu ne?” Ya ce, “Ina yi.” Ta ce, “To?” Ya ce, “Zan zo.” In ta tambaya yaushe, sai ta ji numfashinsa kawai. A wata na huɗu ta daina kira. Matan Zongo kuwa suka samu abin taunawa. Duk bikin da na je sai wata ta matso ta ce, “Khalida, lafiya dai wanki? Ko don mace aka haifa masa?” Wata ta ce ai ya samu wata a Sérou. Ni da na haɗa auren, kunya ta ishe ni, na koma zagayawa ta bayan masallaci don kada in bi ta ƙofar gidan Alhaji Tahirou.

A wata na biyar na shiga mota na tafi Djougou da niyyar in wanke shi tas. Na same shi ya rame, wuya ya yi tsawo, rigar jikinsa ita ce na bar shi da ita. Gwaggo ta ce sai ya wanke ta ya tsaya ta bushe ya mayar. A bakin ƙofar ɗakinsa ga jaka a ɗaure. Na buɗe. Atamfa turmi uku, kowace da launinta, ya kasa tsayar da ɗaya sai ya saye duka, ya kuma kasa sanin wadda zai bayar. Rigunan jarirai da Ummi ta riga ta fi ƙarfinsu. A gefe ga ƙaramin huhun goro, na kwance shi, ganye ɗanye shar, goro fari tas babu ko ɗigo. Gwaggo ta ce duk bayan kwana huɗu sai ya sake zaɓensa, ya cire wanda ya fara laushi ya sa sabo.

“Kullum da safe sai ya ɗauki jakar nan,” in ji Gwaggo. “Ya kai zaure ya tsaya. Ya tsaya, ya tsaya. Sai ya dawo da ita ya tafi rumfa. Na ce masa, mai gida, in ni za ni rakiya, in wani kake so, yadda ka ce. Bai ce ba.”

Na same shi a rumfa na tsaya a kansa. Na ce, “Yaya, wai me kake jira? Ka mai da ni abin dariya a Parakou.”

Ya daɗe yana juya goro ɗaya a hannu. Sa'an nan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

“Kin ce in je. Amma zuwan ba abu ɗaya ba ne, Khalida. Wace rana? In na sa Asabar, Alhaji yana kasuwa. In na sa Juma'a, huhu bai kai sakewa ba. Wa zai raka ni? In na ɗauki Gwaggo, wa zai tsare gida? Babbar mota ko taksi? In kira tukuna ko in isa kawai? In na isa me zan fara cewa, godiya ko haƙuri? Kowanne na taɓa sai ya ce a fara yin ɗan'uwansa. Ina tsaye a zaure duk suna zuwa mini lokaci ɗaya, sai in ji an kira azahar.”

Da ina da hankali a ranar, da na ce masa tashi, ɗauki jaka, biyo ni. Kalma biyar ke nan. Amma zuciya ta ci ni. Na tuna fuskar Rabi'a, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na kuma tuna shekarun da Inna ta ƙare a bayansa.

Na ce, “Ni ba Inna ba ce, Yaya. Inna ta tafi. Ka girma. Motata ƙarfe biyu za ta tashi, in ka ga dama ka biyo ni, in ba ka ga dama ba ka zauna da goronka.”

Na zauna a tasha ina kallon hanya har motar ta cika. Bai zo ba.

A wata na bakwai haƙurin Alhaji Tahirou ya ƙare. Tsohon direban manyan motoci ne, mutum mai zafi, kuma yana son Rabi'a kamar shi ya haife ta. Ya kira mijina Zakari ya ba shi saƙo, Zakari ya kira Labbo ya maimaita kamar yadda aka faɗa masa: ranar Alhamis, ya shiga motar ƙarfe takwas, shi Zakari zai tare shi a tasha, za a zauna bayan azahar a falon Alhaji. Sai ga Labbo ya zo. Ƙarfe goma da rabi ya sauka da jakarsa da huhunsa. Mutumin da ya yi wata bakwai bai tsallake zaure ba, an ba shi rana da awa da mota, ya iso. Wannan kaɗai ya isa ya buɗe mini ido, amma sai na ƙara hawa. Na ce ashe yana iyawa, raini ne.

Maza shida suka zauna a falon, har da limamin unguwa. Mu mata muna tsakar gida, ni ina tsaye daidai bakin labule. Rabi'a tana ɗaki da Ummi. Daga baya na ji tun daren Laraba ta haɗa kayanta ta tura ƙarƙashin gado don kada a gani a yi mata dariya. Labbo ya gaida kowa, ya ajiye jaka da huhu kusa da ƙafarsa. Alhaji bai ko kalle su ba.

“Kai Labbo,” in ji Alhaji, “ba dogon zance na tara mutane ba. Mun ba ka 'ya, ka shanya ta wata bakwai kamar wanki. Magana biyu ce. Ko ka faɗa mana a gaban liman abin da muka yi maka, ka ɗauki matarka yau, ko ka sawwaƙe mata. Voilà. Zaɓi.”

Labbo ya sunkuyar da kai. Babban yatsansa ya fara murza na kusa da shi, kamar yana juya goro. Fanka tana ta ƙara, rediyon maƙwabta yana yi, idanu goma a kansa. Liman ya ce, “Malam Labbo, yi magana mana, ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.” Zakari ya dafa gwiwarsa ya ce, “Yaya, yadda ka ce, mu muna bayanka.” Gumi ya fara ɗiga daga gemunsa. An fi minti goma a haka.

“Bon,” in ji Alhaji. “Shiru ma magana ce. A ba ni takarda.”

Aka kawo. Ya ajiye ta a kan tebur gaban Labbo, ya ɗora alƙalami.

“Ɗauki bik.”

Ya ɗauka.

“Rubuta. Ni Labbo Mahamadu.”

Ya rubuta, da hannunsa mai kyau na ɗan lakwal.

“Na saki matata Rabi'a.”

Ya rubuta.

“Saki uku.”

Liman ya ɗaga hannu ya ce, “Haba Alhaji, ɗaya ai ya isa, a bar ƙofa.” Alhaji ya ce, “Don ya mayar da ita ya sake shanya ta? Ka ga ya musa? Rubuta uku.” Ya rubuta. Aka ce ya sa hannu, ya sa.

Da aka kai wa Rabi'a takardar ba ta yi ihu ba. Ta karanta, ta zauna a ƙasa, ta jawo kayanta daga ƙarƙashin gado ta fara kwancewa. Sai da la'asar, bayan Zakari ya mayar da Labbo tasha, wata ta lura da jaka da huhun da aka bari a falo. Aka buɗe a tsakar gida, atamfa uku da ƙananan riguna da farin goro. Nan ne Rabi'a ta fasa kuka. Ta riƙe ni tana cewa, “Yaya Khalida, wanda ya zo saki yana zuwa da wannan? Me ke damunsa? Ki gaya mini me ke damunsa!” A ranar na gaya mata komai, tsintsiyar Inna da ƙusa da riga. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Da kun gaya mini, ai da ni zan riƙa rataye masa.” Alhaji Tahirou da kansa ya bi malamai uku yana neman mafita. Duka suka ce mutum mai hankali ya rubuta da hannunsa, ba a sa masa wuƙa ba, aure ya ƙare.

Bayan shekara ɗaya da rabi Rabi'a ta auri wani mai shagon yadi, suka koma Kandi da Ummi. Ba ta riƙe mu a zuciya ba, takan turo hoton yarinyar. Labbo ya ci gaba da zuwa rumfa, amma ya daina cin abinci sai an tsaya a kansa, har ya faɗi wata rana a kan huhu. Na je na ɗauko shi, a karon farko na ce masa tashi, sa takalmi, shiga mota, ya kuwa yi. Na kai shi wurin wata likita a Parakou. Ta duba jikinsa ba ta samu komai ba sai yunwa, amma ta lura da yadda nake ba shi umarni ɗaya-ɗaya. Ta zaunar da mu kusan awa biyu tana tambayar yarintarsa. A ƙarshe ta kira sunan abin da Faransanci, autisme. Ta ce haka aka halicce shi, ba iska ba ce, ba rashin hankali ba ne, ba kuma rashin so ba. Ta ce da yawa daga masu irin halittarsa tsara aiki da farawa da zaɓi ke yi musu nauyi, balle in ga baƙin ciki ga idon jama'a. Ta ce a rubuta masa ayyukansa a jere a manna a bango, a rage masa zaɓi, a ba shi lokaci. Na ce mata mahaifiyarmu ta yi shekara talatin tana haka. Ta ce to mahaifiyarku ta san aikinta, sai dai ba ta koya wa wani ba.

Da muka fito na kai shi tasha. Motar Djougou ba ta cika ba, muka zauna a benci a inuwa, na saya masa doya soyayya na ce ci, ya ci. Shekara biyu ke nan ban taɓa tayar masa da maganar ranar Alhamis ɗin nan ba. Na ga ya ɗan sake, sai na tambaya.

“Yaya, ranar nan a falon Alhaji, ka san abin da kake rubutawa?”

“Na sani. Na san hukuncin uku tun ina makarantar allo.”

“To me ya sa ka rubuta?”

Ya goge yatsunsa da takardar doyar, ya ninke ta huɗu.

“Wata bakwai kowa yana ce mini yadda ka ce. Shi Alhaji ya ce ɗauki bik. Hannuna ya tafi, ina kallonsa, na kasa tsayar da shi.”

“Ai sai ka ce a'a! Kalma ɗaya ce fa, Yaya!”

“Ita nake nema ban samu ba. Shi ya sa nake kallonki. Kina bakin labule. Da kin ce ajiye, da na ajiye.”

Ba don ya zarge ni ya faɗa ba, Labbo bai iya zargi ba. Tambaya na yi, ya ba ni amsa, ya koma kallon motar. Gaskiya kuwa ya faɗa. Tsakanin kowane layi da ya rubuta sai ya ɗago ido ya dube ni. Na gan shi sarai, na kau da kaina don ya san ina fushi da shi.